Mai Ban Ruwan Ƙanƙara

Ni dai tun da aka haife ni ban taɓa taka ƙanƙara ba. Iyakar sanina da ita bai wuce wadda ake sayarwa a ƙulli da azumi ba, sai kuwa wadda takan zubo tare da ruwan farkon damina, mu yara mu fita da kwanoni muna tsinta, iyayenmu mata suna daka mana tsawa. Saboda haka in mai karatu ya ga na ɗauki alƙalami zan yi magana a kan tsere bisa ƙanƙara, ya ce wannan karambani ne, ba zan yi musu da shi ba. Ina dai roƙonsa ya ɗan yi haƙuri ya ji yadda aka yi na haɗu da wannan al'amari, da dalilin da ya sa har yau ya ƙi barin zuciyata.

A zangon karatu da ya wuce ne malaminmu na fassara ya shigo aji da 'yan takardu a cikin hularsa, ya ce kowa ya sa hannu ya ɗauki ɗaya. Kowace takarda da sunan wani wasa na ƙasashen waje, aikinmu kuwa shi ne mu bayyana wasan da Hausa, mu kuma raɗa masa suna. Wani ya sami kokawar ƙattin Japan, wata ta sami wasan takobi. Ni kuwa da na warware tawa sai na ga kalmomi huɗu na Turanci, waɗanda na san ma'anar kowace ɗaya, amma da aka gama su ban fahimci kome ba. 'Yan aji suka yi ta dariya, wai ɗan Ƙauye ya sami rabonsa.

Da na zauna kallon hotunan wasan, ga abin da na tarar. Fili ne na ƙanƙara a cikin babban ɗaki, tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 30. A cikinsa ake shata zagaye mai siffar ƙwai, wanda tsawonsa mita 111.12 ne. 'Yan tsere huɗu ko biyar, wani lokaci fiye, suna tashi tare, kowa da takalmi mai dogon ƙarfe a ƙarƙashi kamar ruwan wuƙa, da hular kwano, da safar hannu. Kullum hagu suke juyawa, in sun zo kwana sai su kwanta har hannun hagu ya shafi ƙanƙara, kai ka ce yanzu za su kife. Sukan kife ɗin kuwa, shi ya sa ake jera katifu a jikin bangon filin. Ana tseren mita 500, da 1000, da 1500, akwai kuma na karɓa-karɓa, inda wanda ya gaji yakan ingiza na gabansa da hannu biyu maimakon ya miƙa masa sanda. An fara nuna wasan a gasar Olamfik ta hunturu a Kalgari ta Kanada a 1988, ya zama cikakken wasa mai lambar yabo a Faransa a 1992. Na sa masa suna tseren sulu na gajeren fage, domin kuwa duk wanda ya taɓa yin sulu a kan fa yana yaro ya san daɗin abin da kuma zafinsa.

Da a nan na tsaya, da na miƙa aikina na huta. To, amma cikin neman misalai sai na lura da wani abu. Sunan wani gari a ƙasar Sin ya yi ta maimaita kansa. Yang Yang, wadda ta ci wa Sin zinariyarta ta farko a Olamfik ta hunturu a Amurka a 2002, bayan shekara 22 ƙasar tana zuwa tana komawa ba zinariya, a can aka horar da ita. Wang Meng, mai zinariya ɗaya a Italiya a 2006 da uku a Kanada a 2010, 'yar can ce. Fan Kexin, wadda tana cikin waɗanda suka ci tseren karɓa-karɓa na maza da mata a Beijin a 2022, inda suka riga Italiya da abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ita ma daga can ta fito. Sunan garin Qitaihe, furucinsa kusa da "Citaiha", yana jihar Heilongjiang a arewa maso gabashin ƙasar. Gari ne na masu haƙar kwal, mutanensa ba su kai miliyan ɗaya ba, a ƙasar da ake lissafin jama'a da ɗaruruwan miliyoyi. Sai na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Ashe mutum ɗaya ne tushen abin, sunansa Meng Qingyu. An haife shi a birnin Harbin a 1951, aka tura shi Qitaihe yana saurayi ya zama lebura a ramin kwal. Yana da son tsere bisa ƙanƙara tun yana makaranta, bai kuwa bari ba ko da ya shiga rami. A 1972 ya wakilci garin a gasar yankinsu ya yi nasara, a 1974 aka ɗora masa nauyin tara yara ya koya musu. Ɗan'uwa mai karatu, ka lura da kyau: ranar da aka ba shi wannan aiki garin ba shi da ɗakin ƙanƙara. Ba a gina shi ba sai 2013, watau bayan shekara 39.

To, ina suka yi ta koyo? A waje, a fili. Hunturun can ba irin namu ba ne da muke kuka da shi muna jin wuta da safe. Sanyi yakan kai awo 30 ƙasa da sifiri, in aka zuba ruwa a ƙasa nan da nan ya daskare. Sai dai ƙanƙarar tsere tana son ta zama sumul, takalman yara kuwa kullum suna karce ta. Don haka Meng yakan tashi da tsakar dare, ya cika tanki da ruwa, ya yi ta jansa yana zagaya fili yana ban ruwa, yadda kafin yara su fito da asuba sabuwar ƙanƙara ta kama. Ruwan da ya fallatsar masa a tufa yakan daskare a jikinsa. Haka ya yi shekara da shekaru. Na daɗe ina juya wannan a raina, domin mu a wurinmu ban ruwa na mai lambu ne, wanda ke sa ran albasa bayan wata uku. Shi wannan abin da ya shayar da dare kafin azahar an tattake shi, gobe kuma sai sabon lale.

Amma ba wahala kaɗai ta kai su ba, akwai dabara, kuma dabarar ce ta fi ba ni sha'awa. Da fari dogon tsere yake koyarwa, irin wanda ake yi a zagayen mita 400. A cikin shekarun 1980 sai ya juya da yaransa zuwa gajeren fage, a lokacin da wasan bai ma shiga Olamfik sosai ba. Ya hango cewa ƙaramin gari ba zai iya ja da manyan birane a fagen da suka riga suka kafu ba, gara ya kama sabon wuri tun ba a cika ba. Sa'an nan, da yake ƙanƙarar waje ta 'yan watanni ce, sai ya riƙa kwasar waɗanda suka yi fice zuwa Harbin, tafiyar fiye da kilomita 400, inda akwai ɗakin ƙanƙara. Can kuma baƙi ne su, ba su samun fili sai lokacin da masu wuri ba sa so, watau cikin dare ko da sassafe. Shi ne mai horarwa, shi ne mai dafa abinci, shi ne mai wasa ƙarafan takalma, shi ne kuma uba. Daga hannunsa yaro ya wuce ƙungiyar jiha, daga jiha zuwa ta ƙasa. Abin da ya fi duka, waɗansu daga cikin ɗalibansa sun dawo sun zama masu horarwa a garin. Shi ya sa da Allah ya yi masa rasuwa a haɗarin mota a kan hanyar Harbin a watan Agusta na 2006, wata shida bayan zinariyar Wang Meng ta farko, aikin bai bi shi kabari ba. Bayan an gina ɗakin ƙanƙara sai aka keɓe waɗansu makarantun firamare ana zaɓo yara daga cikinsu. A 2014 kuma wata tsohuwar 'yar tseren garin, Zhang Jie, ta kafa ƙungiya domin yara masu naƙasa.

To, jama'a, a nan ne aikin aji ya juye mini ya zama wani abu dabam. Ina aji biyar a firamare muna da wani malami, asalinsa malamin lissafi ne, wasanni ɗora masa aka yi. Kullum bayan sallar asuba yakan tara mu a filin idi, mu goma sha wani abu, ba mai takalmi a cikinmu. Layukan gudu da toka yake shata su, wadda yakan ɗebo a tsohon bokiti daga murhun gidansa. Iskar hunturu ta share, gobe ya sake shatawa. Agogon hannunsa ne ma'auninmu. A cikinmu akwai wani abokina da ban taɓa ganin mai sauri irinsa ba, in ya tashi sai dai ka ga ƙura. Ana nan sai muka ji labari za a buɗe cibiyar horar da yara 'yan gudu a shiyyarmu. Aka kafa kwamiti, aka yi gini, aka shafa fenti, aka kafa allo. Ranar buɗewa aka kwashe mu a mota muka je muka yi fareti a rana, aka yanka zare, aka ba mu lemo. Ba wanda ya tambayi malaminmu ko sunansa. Kafin shekara ta zagayo an yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa, gudunmu ya tsaya nan. Cibiyar kuwa ban taɓa jin an kwana ana horar da kowa a cikinta ba. Bara na wuce ta wurin, awaki ne ke shan inuwa a barandar. Abokin nan nawa yana nan yana acaɓa, yana riƙe da iyalinsa cikin rufin asiri, in mun haɗu ba ma ta da zancen.

Ba ina cewa da an bar mana malaminmu da mun ciwo zinariya ba. Ni kaina na san ƙafata ba ta kai can ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, mutanen Qitaihe sun sami mutum, suka bar shi a wuri ɗaya shekara 32, gini ya zo daga baya ya tarar da yara da masu koyar da su suna jira. Mu kuwa muka sami mutum muka ɗauke shi, muka bar gini yana jira.

Duk da haka kada in yi wa mai karatu rufa-rufa, akwai abin da ya hana ni sakin jiki da labarin Qitaihe gaba ɗaya. Sunaye nawa na ambata a sama? Ba su fi biyar ba. Yaran da suka bi ta hannun Meng da ɗalibansa kuwa suna da yawa ƙwarai. Yaro ɗan shekara goma ko kusa da haka a raba shi da uwarsa, a kai shi wani birni, ya tashi da tsakar dare, karatunsa ya zama rabi da rabi. In ya kai shekara goma sha shida aka ce saurinsa bai isa ba, ina ya nufa? Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga al'adar danƙa yaro a hannun malami a ce ga amana, mun kuma san amanar takan yi kyau, takan kuma ɓaci, gwargwadon hannun da ta faɗa. Ga kuma rauni. Ita kanta Wang Meng, da duk ƙwarewarta, karo ta yi a wurin horo a watan Janairu na 2014 ta karye a idon sawu, saura 'yan makonni a tafi Olamfik ta Rasha, ba ta je ba. In haka ta sami gwana, yaya wanda ba a san sunansa ba? A ganina duk wanda zai tsara irin wannan cibiya, a ko'ina take, kamata ya yi ya fara da tambayar abin da zai ba yaron da ba zai ci kome ba, domin su ne mafi yawa. Wannan ra'ayina ne, na kuma faɗe shi a aji, wani abokin karatuna ya ce ai haka duniya take, ko jami'ar nan ba kowa ke fita da digiri mai daraja ta ɗaya ba. Muka yi ta ja har aka tashi, ba wanda ya sallama.

Da malam ya dawo mana da takardunmu na ga ya ja layi a ƙarƙashin "sulu" da jan biro, ya rubuta cewa mai sulu gangara ce ke tafiya da shi, waɗannan kuwa da ƙarfinsu suke tafiya, in sake tunani. Ya yi gaskiya, har yanzu kuwa ina neman kalmar.

Da aka yi hutu na tambayi inda tsohon malaminmu yake, aka ce ya yi ritaya ya koma garinsu. Na hau mota na je. Na same shi a zaure yana gyaran rediyo, ya tsufa, bai gane ni ba sai da na faɗi sunan mahaifina. Bayan mun gaisa na kwashe labarin Meng Qingyu na ba shi, tun daga ramin kwal har zuwa hanyar Harbin. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "To, ɗana, shi wannan bawan Allah, ruwan a ina yake ɗebowa, tun da ka ce kome daskarewa yake yi?"

Na ce, "Wallahi Malam, ban bincika ba."

Ya ce in na koma makaranta in bincika in aiko masa. Sa'an nan ya tambaye ni labarin abokin nan nawa mai sauri, ya kira sunansa har da na ubansa, ya kuma faɗi daƙiƙoƙin da yakan yi a mita ɗari.