Tuwo da Alat

Ka lura da ɗan tambarin nan mai ɗige-ɗigen baƙi da fari da ake mannawa a teburan wasu gidajen abinci na Abuja da Kano? QR ake ce masa. Wani kamfanin Japan, Denso Wave, ya ƙirƙiro shi a 1994 don bin sawun sassan mota a masana'anta. Zamanin korona, a 2020, da aka fara ƙyamar takardar da kowa ya taɓa, sai ya hau teburin abinci. Korona ta lafa, shi bai sauka ba.

Kana haska shi da waya, jerin abinci zai fito, hotuna sai sheƙi suke yi. Ka zaɓi tuwon shinkafa da miyar taushe. Yaron gidan yana tsaye a kanka tun ɗazu, hannu a baya, ya bari ka gama tsaf. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, taushe ta ƙare, sai kuka." Waya ba ta leƙa tukunya.

Biyan kuɗi ne dai ya canza da gaske, kuma ba marmarin zamani ya kawo shi ba. Farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗin hannu suka yi wuyar gani. Har mai shayi da mai ƙosai suka rubuta lambar asusu a kwali suka rataye, wannan OPay, wancan Moniepoint. Rigimar canji ta ragu, ba na musu. An daina tura yaro shago-shago neman ɗari biyu.

Jira kuwa yana nan, wurin zama kawai ya sake. Da, kafin ka ci kake yin sa. Yanzu har bayan ka wanke hannu. Ka tura, an cire a wajenka, ka miƙa wa Hajiya mai abinci fuskar wayar. Ko kallo ba ta yi ba, don an sha nuna mata rasit na bogi. "Ɗan zauna tukuna, Alhaji, alat bai shigo ba." Ka koma benci. Kai ne jinginar tuwon da ke cikinka.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Ga wasu biyu a gefe, duk sun ƙoshi, kowa da tsinken sakace a baki da waya a hannu, ana ta zagin sabis. Wanda aka zuba wa yanzu yana tsaye da kwanonsa, yana neman inda zai zauna.