Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

A shekarar 2009, ƙungiyarmu ta raya al'adu ta aro na'urar ɗaukar hoton bidiyo daga Madawa, muka zaunar da gwaggon mahaifina a gindin bedi, a nan Babankatami, domin ta ba mu labarin yunwar 1984, wadda mutanenmu suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta. Ta faɗi yadda aka yi ta jiƙa anza ana tsiyaye ɗacinta kafin a ci, da yadda maza suka watse neman abinci, da yadda mata a ƙasar Keita suka riƙa dakon duwatsu a ka suna farfaɗo da ƙasa ana biyan su da abinci. Wani abokinmu ya tafi da kaset ɗin Yamai, ya ɗora hoton a shafin intanet na wata ƙungiya, mu kuwa muka saki jiki, muna ganin ajiya ta kammala. Kaset ya ɓace a hannun masu aro. Tsohuwa ta rasu bayan shekara huɗu.

A watan Fabrairun 2024 na ƙudura nuna wa ɗalibaina wannan hira, su saurara da Hausa, su mayar da ita Faransanci. Abin da muke da shi kwamfuta ce guda, mai Windows 7, wadda ta girmi wasu daga cikin yaran. Na haɗa ta da intanet ɗin wayata, na rubuta adireshin. Sai manhajar Chrome ta ce hanyar ba amintacciya ba ce. Na gwada wani shafi, na gwada na uku, duk amsa ɗaya. Abokan aiki suka ce in haƙura, tsufa ne. Wani ya ce ƙwayar cuta ce ta shige ta.

Wanda ya fitar da ni tsohon ɗalibina ne, mai gyaran waya a kasuwar Buza. Bai taɓa komai ba sai da ya dubi kusurwar allo, sannan ya ce: “Mushe, kun lura da kwanan watan da take nunawa?” Ashe a lissafinta muna cikin watan Janairun 2010. Ya bayyana mini cewa shafukan yanzu suna gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma kwamfuta da agogonta take auna ta. In agogo ya koma baya da shekara 14, sai ta ga takardar da ba a kai ga ranar bayar da ita ba, ta ƙi amincewa. Abin da ke riƙe agogon idan an kashe wuta wani ɗan batir ne mai kama da kwabo, CR2032, wanda ake samu wajen masu gyaran agogo. Muka canza shi, muka daidaita kwanan wata, shafuka suka buɗe.

Murnata ba ta je ko'ina ba. Shafin da nake nema ya fito, ga sunan garinmu, ga bayanin hirar, amma inda hoton ya kamata ya motsa babu komai sai fili. Na ce: “Ɗana, wannan kuma fa?” Ya ce wannan ba laifin kwamfutarmu ba ne, ko sabuwa fil aka kawo haka za ta yi. A shekarun da aka ɗora hirar, kusan duk bidiyon intanet da manhajar Flash ake kallonsa. YouTube ya juya mata baya tun 2015, kamfanin Adobe ya daina kula da ita a ranar 31 ga Disamban 2020, kuma daga 12 ga Janairun 2021 ta daina kunna komai. Masu manyan shafuka sun sauya kayansu tun da wuri. Ƙananan shafuka irin wanda muka ba ajiya, waɗanda masu su suka watse, an bar su da ƙofa a kulle, makulli ya bi ruwa.

A daren nan ban yi barcin kirki ba. Ba darasin ne ya dame ni ba, domin malami ba ya rasa abin cike sa'a guda. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ni da nake tsayawa gaban yara ina yi musu huɗuba a kan darajar adabin baka, ni ne na ɗauki muryar tsohuwata na kai gidan da ban san mai shi ba, na yi shekara 15 ban leƙa ba.

Washegari yaron ya buɗe rubutun da ke bayan shafin, wanda mai kallo ba ya gani, ya bi layi-layi har ya iske wani suna da ya ƙare da haruffa uku, flv. Hoton yana nan, abin kunna shi ne ya mutu. Muka jira dare ya raba, lokacin da layi ke sakewa, muka sauke shi. Sannan ya buɗe shi da VLC, manhajar kyauta da ta samo asali daga ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faransa, wadda ba ta bukatar intanet. Sai ga bedi, ga tabarma, ga gwaggo tana gyara kallabi.

Minti goma da farawa hoto ya soma sarƙewa, fanka ta yi ta gurnani, kwamfuta ta ɗauke ɗif. Wannan karon ni na gano dalilin da kaina, da na ɗora hannu na ji zafi. Muka kwance murfi, muka tarar da ƙurar hunturu ta shekaru ta toshe mashigar iska kamar an yaɓe ta da laka. Tsohon buroshi da famfon keke suka gama aikin.

Ƴan'uwa malamai, cikin cikas uku da na ci karo da su, biyu batir ne da ƙura. Kafin a yanke wa tsohuwar kwamfuta hukunci, a dubi agogonta, a share mata hanci. Gaskiya ne Microsoft ya janye hannu daga Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Chrome kuma ya tsaya mata a lamba 109, saboda haka ba wurin shigar da sirrin kuɗi ba ce. Amma wajen nuna abin da aka riga aka sauke, da sauranta, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Cikas na ukun ne ya fi bukatar tunanin ƙungiyoyinmu. Yau waƙoƙin biki da kirarin ƴan kokawa da hirar dattawa duk a Facebook da WhatsApp muke zuba su, muna kiran haka adanawa. Manomin Adar bai taɓa kai damen geronsa rumbun baƙo ya koma gida ya kwanta ba. Hirar gwaggo yanzu na mayar da ita MP4, na yi mata kwafi uku: ɗaya a makaranta, ɗaya a akwatina, ɗaya wajen sakataren ƙungiya. Ɗalibai kuma sun rubuce ta kaf a takarda, da Hausa da Faransanci, domin takarda ba ta neman batir.

Ranar da muka nuna ta, wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce: “Mushe, mece ce anza?” Na ce ta tambayi kakarta in ta koma gida, ta kuma tafi da alƙalami. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana.