Matambayi ba ya ɓata, in ya san wa zai tambaya

A bara na zauna rubuta rahoto kan gurɓataccen ruwan da kamfanonin jimar fata ke saki a rukunin masana'antu na Challawa, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso. Tambayata guda ce: rijiyoyi nawa ne ke cikin tazarar mita 500 daga magudanar da ke kai wannan ruwa kogi? Tambayar na da nauyi, domin ana amfani da sinadarin kuromiyam wajen jima, kuma da ruwan rijiyoyin nan ake girki da alwala.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi, wato injin bincike. Na rubuta "Challawa", sai ya jero mini labaran madatsar ruwan Challawa da ke Ƙaraye, nesa da inda nake nufi. Ba laifinsa ba ne. Injin bincike kalmomi yake farauta: yana tara takardun da sunan ya fito a ciki, ya jera su gwargwadon yadda ya ga sun dace. Wannan baiwa ce babba a ƙasar da wani ke rubuta Panshekara, wani Fanshekara, wani Challawa, wani Chalawa. Zai gane duk wuri ɗaya ake nufi. Amma kusancin suna daban, kusancin ƙasa daban.

Wani abokina masanin taswira ne ya nuna mini ɗaya hanyar, rumbun bayanai mai fahimtar wuri. Ya yi amfani da PostGIS, ƙari ne a kan PostgreSQL, wanda ya fara fitowa a 2001. A cikinsa rijiya ɗigo ce mai lambobin matsayi, magudana layi ce, unguwa kuwa fili ne mai iyaka. Muka ɗauko taswirar yankin daga OpenStreetMap, muka ɗora wuraren rijiyoyin da na bi da ƙafa na auna da wayata. Umarni ɗaya ya rubuta, rumbun ya auna tazarar kowace rijiya daga layin, ya ware waɗanda suka faɗa cikin mita 500.

A nan na gano na kusa yin ɓarna. Wata unguwa da na riga na sa a daftarina, don kawai sunanta na yawan fitowa tare da "Challawa" a labarai, ashe tana can wajen iyakar. Da na buga haka, da na tsorata masu gida, na karya darajar filayensu. Wata kuma da ba a taɓa ambata a jarida ba, ita ce ke bakin magudanar.

Rumbun ma yana da nasa rauni. Abin da aka zuba masa kaɗai ya sani, kuma in ba a saita shi ba, harafi ɗaya ya isa ya ce bai san Fanshekara ba. Iyakar da ke tsakaninsu kuma ba katanga ba ce: Elasticsearch, wanda ya fito a 2010, yana iya nemo abin da ke kusa da wani ɗigo. Sai dai in aikin ya kai ga gwama taswira da taswira, rijiyoyi da magudanai da iyakokin unguwanni, rumbun ya fi dacewa.

Yanzu kafin in taɓa kwamfuta nakan tambayi kaina abin da nake nema. Direban da ke laluben wani kamfanin roba a Sharada ko Bompai, wanda rabin sunan kawai ya riƙe, injin bincike zai fisshe shi. Wanda kuwa zai gaya wa uwar gida ko ta ci gaba da jan ruwa a rijiyarta, sai ya auna tazarar tukuna, sannan ya kai ruwan ɗakin gwaji.