Maraice Ɗaya A Mashigin Lamu

Bahaushe ya san iska tun ba yau ba. Ya san ta hunturu mai tsattsage leɓe, ya san guguwar bazara, ya san sanyayyar nan da ke rigan hadari isowa, wadda ke sa mata su fito a guje su kwashe shanya. Sai dai galibin saninmu da ita sanin kariya ne: a rufe taga, a danne jinka, a ƙara ɗaure rumfa. Ba banza ba muke cewa iska na wahalar da mai kayan kara. Amma akwai al'ummomin da suka mayar da ita abin hawa, suka gina birane da arzikinta, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce ta tsibirin Lamu da ke gaɓar tekun Indiya a ƙasar Kenya.

Lamu tsohon garin Sawahili ne na Musulmi, mai lunguna matsattsu da jakuna ke zirga-zirga a cikinsu a madadin motoci. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Iskoki biyu ne suka raine shi. Daga wajen Disamba zuwa Maris, wadda suke kira kaskazi takan huro daga arewa maso gabas, ta kawo jiragen Oman da Yaman da Indiya ɗauke da dabino da tufafi. Daga Afrilu kuma kusi takan taso daga kudu, ta mayar da su gida da itatuwan gini da aka saro daga dazukan bakin teku. Wanda bai gama cinikinsa kafin iska ta juya ba, sai ya zauna ya jira wata shekara, kuma ta haka aure da harshe da addini suka cuɗanya a wannan gaɓa.

A lokacin kaskazi na je garin. Bayan la'asar muka shiga wani jirgin katako don shan iska a mashigin da ya raba Lamu da tsibirin Manda. Matuƙinsa, wanda suke kira nahodha, dattijo ne mai ƙarancin magana, tare da samari biyu. Jirgin ba shi da abin tura shi sai filafili, wato ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku da aka ɗaure a doguwar sanda, aka rataye a jigon jirgin. Da aka ware shi ya cika da iska, sai jirgin ya ɗan kishingiɗa ya fara yankan ruwa, ba hayaƙi ba ƙara. Iskar tana bayanmu, don haka cikin ɗan lokaci muka doshi Shela, ƙauyen da ke da tazarar kimanin kilomita 3 daga gari, inda tuddan rairayi ke fuskantar buɗaɗɗen teku.

A nan aikin ya fara. Irin wannan jirgi ba ya juyawa da sauƙi. Sai an sassauta igiya, an miƙar da doguwar sandar tsaye, an zagayo da ita ɗaya gefen jigon, sannan a kwashe buhunan rairayin da ke danne jirgin a mayar da su ɓangaren da iska ke bugowa. Idan ta yi ƙarfi, saurayi yakan hau wani katako da aka turo waje a kan ruwa, ya sa nauyinsa ya hana jirgin kifewa. Duk wannan ana yinsa ne cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma dattijon bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Idonsa na kan fuskar ruwa. Inda ya ga ta yi duhu ta yamutse, ya san bugun iska na tafe, ya sassauta igiya tun kafin mu ji shi a jikinmu.

Dab da faɗuwar rana sai iskar ta ɗauke ɗif. Filafilin ya saki jiki kamar zanen da aka shanya. Wani kwalekwale mai inji ya wuce mu a guje, igiyar ruwansa ta yi ta girgiza mu. Wani baƙo a cikinmu ya fara duban agogo, yana tambayar ko ba za a kira a zo a ja mu ba. Dattijon ya ce a dakata, teku na cikowa, ruwan da kansa yana mayar da mu gida, iska kuma za ta dawo daga wajen tudu. Ya ɗebi ruwa ya yi alwala, muka bi shi, aka yi magariba a kan buhunan rairayi.

Abin da ya faɗa yana da bayani a kimiyya. Ƙasa takan riga teku yin zafi da rana, iskar da ke kanta ta tashi sama, ta teku mai sanyi ta kwararo ta maye gurbinta. Da dare kuwa ƙasa takan riga teku hucewa, sai lamarin ya juya. Tsakanin biyun akwai ɗan lokacin da komai ke tsayawa cik. Dattijon bai karanta wannan a aji ba, amma ya san lokacinsa kamar yadda manomi ya san ƙamshin ruwan shuka. Ba a jima ba kuwa wata iska mai laushi ta taso daga yamma, ƙyallen ya kumbura a hankali, fitilun gari suka fara matsowa.

Wannan ilmi ne nake jin tsoron ɓacewarsa. Fasinja da kaya sun koma jiragen inji, domin mai sauri ba ya jiran iska. A mashigin Manda an gina babbar tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe sashenta na farko a 2021, bayan wata kotu ta yanke hukunci a 2018 cewa a biya dubban masunta diyyar wuraren kamun kifinsu. Babu mai hankalin da zai ce mara lafiya ya jira kaskazi kafin a kai shi asibiti. Amma inji yana buƙatar mai da kayan gyara da kuɗin waje, kuma ranar da ya mutu a tsakiyar teku, wanda ya iya karanta ruwa ne kaɗai zai dawo da mutane gida.

Abin mamaki shi ne, yawon shan iskar da wasu ke gani wasan masu kuɗi ne, shi da tseren jiragen da ake yi lokacin Maulidi da bikin al'adun garin, suna cikin abubuwan da suka rage masu sa saurayi ya koyi ɗaure igiya a hannun dattijo, masu sa masassaƙan ƙauyen Matondoni su ci gaba da sassaƙa. Ilmin da ba a rubuta ba yana rayuwa ne muddin akwai mai cin abinci da shi. Ya kamata mu tuna da haka a duk lokacin da muka wuce masuntan Argungu ko marinan Ƙofar Mata muna ɗaukarsu hoto, ba tare da mun tambayi wa ke koyo a hannunsu ba.