Salwa ba ta kukan ciwo, sai ka lura da kanka

Duk macen salwar da ke saka maka ƙwai kullum, daga jikinta take ciro shi, kuma yawancin cututtukan da ke kama ta daga nan suke farowa. Wannan shi ne babban abin da na fahimta a shekara huɗu da na yi ina kiwon salwa a bayan ɗakin mahaifiyata, tun ina aji biyar na sakandare har yanzu da nake jami'a. Na ga ɗalibai da yawa sun fara sha'awar wannan kiwo, shi ya sa nake so mu yi maganar lafiyarta, ƙannena.

Salwar da muke kiwo a keji asalinta daga Japan take, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ce ta shigo da ita Najeriya a 1992. Tana fara ƙwai tun tana da mako 6 zuwa 7, kuma idan ta samu kulawa takan saka fiye da 250 a shekara. Nauyin macen bai cika wuce giram 150 ba, ƙwanta kuwa kusan giram 10 ne. Ku lissafa: cikin mako biyu kacal ta fitar da ƙwan da ya kusa kai nauyin jikinta. Ɓawon kowane ƙwai da sinadarin kalsiyam ake gina shi. Idan babu isasshe a abincinta, jikinta yakan ɗebo shi daga ƙasusuwanta. Daga nan sai ka fara ganin ƙwai mai laushin ɓawo, ko ƙafafunta su yi rauni ta kasa tsayuwa.

Mafi haɗari a cikin abin da wannan ƙarancin ke jawowa shi ne maƙalewar ƙwai. Bara wani abokina da muke unguwa ɗaya ya kira ni da yamma, ya ce salwarsa guda ta ƙi cin abinci. Na same ta a lungun keji, gashinta ya tashi, idonta a lumshe, jelarta tana sama da ƙasa tana yunƙuri. Da na shafa ƙasan cikinta a hankali sai na ji ƙwan a tsaye. Gero da dusa kawai yake ba su, domin mai sayar da tsuntsayen ya ce masa sun isa. Muka sa ta a kwali mai ɗumi a wuri mai duhu, muka shafa ɗan man gyaɗa a bakin duburarta, muka ajiye mata ruwa. Kafin sallar isha'i ta saka ƙwan. Bayan kwana biyar wata daga cikinsu ta kamu da irin wannan cikin dare, da safe ya tarar ta mutu. Ranar bai iya karyawa ba, domin da kuɗin tara da ya yi wata uku yana yi ya saye su.

Idan haka ta same ku, kada ku matsa cikinta don ƙwan ya fito. In ya fashe a ciki, ɓawon zai yanke ta kuma ciwon ya ruɓe. In awanni suka wuce ba ta saka ba, a kai ta wurin likitan dabbobi. Wani lokaci kuma yunƙurin yakan sa naman duburarta ya zazzago waje. Da zarar kun ga jan nama, ku ware ta, saboda sauran za su yi ta saran wurin har su kashe ta. Ku rage mata haske na wasu kwanaki, domin tsawon haske ne ke sa ta ƙwai, kusan awa 14 zuwa 16 a rana, duhu kuma yana ba jikinta hutu.

Rigakafin duk wannan yana cikin kwanon abinci. Macen da ke ƙwai tana buƙatar abinci mai furotin kusan kashi 20 cikin 100, da kalsiyam kusan kashi 3. Ni abincin kaji masu ƙwai nake ba nawa, ina ƙara musu garin kifi kaɗan. A wani ɗan kwano daban kuma ina zuba ɓawon ƙwan da na tafasa na shanya na daka.

Sai raunuka. Idan salwa ta firgita, sama take zabura kai tsaye, ta buga kanta da rufin keji. Na ɗaura tsohon buhu a ƙarƙashin rufin nawa don ya tare su. Haka kuma namiji yana kama gashin ƙeyar mace da baki lokacin barbara, don haka idan maza sun yi yawa za ka ga kan matan ya yi sanƙo har da jini. Namiji ɗaya ya ishi mata uku zuwa biyar. Gane su ba wuya a masu launin ƙasa-ƙasa: ƙirjin mace yana da ɗigo-ɗigon baƙi, na namiji kuma ja-ja ne babu ɗigo.

Ƙazanta ma tana da nata. Shimfiɗa mai laima ita ce gidan ƙwayar cutar da ke cin hanji, wadda ke sa zawo, wani lokaci har da jini. Ku riƙa canza ɓuntun shinkafa ko dusar katako kafin ta jiƙe, ku wanke mazubin ruwa kullum. Ku ajiye musu tire mai yashi da ɗan toka su yi wanka, yana rage musu ƙuma. Da bazara a sa keji a inuwa, da hunturu a tare musu iska. Kada ku buɗe kafson mutane ku zuba musu a ruwa. Likita ne ya san adadin da ya dace, shi ne kuma zai faɗa muku kwana nawa za a daina cin ƙwan bayan magani.

Akwai lokacin da abin ya fi ƙarfin gida. Idan tsuntsaye da yawa suka mutu rana ɗaya, a tuna da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a 2006 a Jihar Kaduna, kuma tana iya kama mutum. Kada a yanka, kada a ci, kada a taɓa gawar da hannu tsirara. A sanar da babba a gida, a kira ma'aikatan lafiyar dabbobi.

A daji tsuntsun da ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka, shi ya sa salwa ke ɓoye ciwonta har sai ya ci ƙarfinta. Saboda haka kafin ku tafi makaranta ku tsaya minti biyar a gaban keji. Ku duba wadda ba ta taso wurin abinci ba, ku duba kashinsu, ku taɓa ɓawon ƙwan da kuka kwasa. Yanzu da nake makaranta ƙanwata ce ke yi mini wannan dubawa, kuma sharaɗinmu shi ne duk ƙwan ranar Juma'a nata ne.