Sawakin, Tsibirin Alhazai

Mu da muka tashi a Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, tun muna yara muke jin sunan Sawakin a bakin kakanni. Ɗan ƙaramin tsibiri ne a Bahar Maliya, inda alhazan ƙasar Hausa kan hau jirgin ruwa zuwa Jidda bayan tafiyar shekaru a ƙafa. Da Ingilishi suka buɗe tashar Bur Sudan a 1909, ciniki ya koma can, benayen dutsen murjani suka yi ta zubewa.

Turkawa sun gyara masallatan Hanafi da Shafi'i, kuma a Disamba 2017 aka ba su aikin raya tsibirin don masu yawon buɗe ido. Sai yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023, gaɓar ta cika da masu gudu zuwa Jidda, ba 'yan kallo ba.

To, 'yan'uwa, gini ba ya kiran baƙo, sai aminci. Kakanninmu sun iso Sawakin da sanda da buta ne saboda garuruwan hanya sun ba su masauki. Allah ya maido mana da wannan amana.