Daga Wuse zuwa Delhi: Guzurin mai rakiyar maras lafiya

A Abuja, tafiya Indiya neman magani yawanci daga Wuse take somawa. A Zone 4 ake canjin dala, a ofisoshin dillalan tikiti na Wuse 2 ake yankar kujerar jirgi, a Kasuwar Wuse kuma ake sayen akwati da kuka da kuɓewa busasshiya. Iyalai da dama sun sayar da fili ko gona, wasu gidan gado, domin kai uba ko ɗa birnin Delhi a yi masa dashen ƙoda, ko aikin zuciya, ko maganin sankara. Kuɗin da aka tara da irin wannan wahala bai kamata su salwanta saboda rashin takarda guda ko sharrin ɗan kamasho ba. Likitocin can za su yi nasu aikin, amma sauran nauyin tafiyar yana wuyan mai rakiya, kuma mafi yawansa tun a gida ake sauke shi.

Kafin a yanki tikiti

A fara da likitan da ke duba maras lafiyar a nan gida. Shi zai rubuta cikakken bayanin ciwon, a haɗa da sakamakon gwaje-gwaje da hotuna, a tura wa asibiti biyu ko uku kai tsaye ta adireshin da ke shafinsu na intanet. Manyan asibitocin kuɗi da baƙi suka fi zuwa sun haɗa da Indraprastha Apollo a Sarita Vihar, da Max a Saket, da BLK-Max a titin Pusa, sai Medanta da Fortis da Artemis a Gurugram, garin da ke manne da Delhi ta kudu maso yamma. Kowannensu yana da sashen kula da baƙi daga ƙasashen waje, kuma zai aiko da kiyasin kuɗi a rubuce. A tambaye su abin da kiyasin ya ƙunsa: kwana nawa a ɗaki, kwana nawa a sashen kulawa ta musamman, da nawa za a ƙara idan kwanakin suka zarce. A nan lissafin iyalai da yawa yake rushewa. Ɗan tsakiya da ya hana ka magana da asibiti kai tsaye, ko ya ce a zuba kuɗin aiki a asusunsa, a guje shi.

Biza iri biyu ce: ta maras lafiya da ta mai rakiya, kuma mutum biyu kacal ake yarda su raka majinyaci ɗaya. Ana neman ta a ofishin jakadancin Indiya da ke Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas, da takardar gayyata daga asibitin. Katin rigakafin shawara dole ne, kuma sai allurar ta kwana 10 kafin ya fara aiki. Wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6. Tun 2014 kuma Indiya ta shigo da sharaɗin ɗigon rigakafin shan inna ga matafiya daga Najeriya, don haka a nemi duka biyun da wuri a sashen lafiyar matafiya.

Masu zuwa dashen ƙoda su lura sosai. Dokar Indiya ta 1994 ta haramta saye da sayar da sassan jikin ɗan Adam. Baƙo sai ya zo da ɗan uwansa na kusa wanda zai ba shi, kwamiti ya zauna ya binciki dangantakar, ofishin jakadancin Najeriya da ke unguwar Chanakyapuri kuma ya tabbatar da ita a rubuce. Takardar haihuwa da ta aure da tsofaffin hotunan iyali duk a tafi da su. Wanda ya ce maka zai samo mai ba da ƙoda a can, hanyar gidan yari yake nuna maka.

Batun kuɗi, a fara gwada banki ta hanyar Form A, ko a tura wa asibitin ta asusunsa. Abin da za a riƙe a hannu, a canza shi wurin ɗan canji mai lasisi, a karɓi rasit. Kwastan na Najeriya suna son a bayyana duk abin da ya haura dala 10,000, na Indiya kuwa daga tsabar kuɗi da ta wuce dala 5,000 suke bukatar a cika takarda.

Wane wata za a tafi?

Idan ciwon ya ba da damar zaɓe, a duba yanayi. Mayu da Yuni zafi ne da yakan haura maki 43, har Basakkwace ma sai ya ji a jikinsa. Daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba damina ce, bayanta kuma zazzaɓin dengi yake yawaita, wanda sauron da ke kawo shi da rana yake cizo. Nuwamba ne watan hayaƙi: manoman jihohin Punjab da Haryana suna ƙona karan shinkafa, ga tartsatsin wasan wuta na bikin Diwali, ga hayaƙin motoci, sai iska ta yi kaurin da har makarantu akan rufe. Mai asma ko ciwon zuciya ya tanadi takunkumin N95, ya rage fita. Disamba da Janairu sanyi ne da ya fi hunturun Jos, yakan sauka ƙasa da maki 5, hazo kuma yana jinkirta jirage. Fabrairu da Maris sun fi kowane lokaci sauƙi.

Sauka da zirga-zirga

Daga Abuja ana bi ta Addis Ababa ko Doha ne, a sauka filin jirgin Indira Gandhi. A nemi keken guragu tun lokacin yankar tikiti. Agogon Indiya yana gaban namu da awa 4 da rabi, saboda haka mai shan magani a kan lokaci, musamman mai allurar insulin, ya tsara sa'o'insa da likita kafin tashi. Manyan asibitoci sukan turo mota. Idan ba su turo ba, akwai teburin tasi da ake biya tun a cikin filin jirgi, akwai kuma Uber da Ola. Layin waya na Airtel, wanda asalinsa kamfanin can ne, ko na Jio, ana yankarsa da fasfo da biza. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Delhi da kewayenta sun haura mutum miliyan 30, amma jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka buɗe a 2002, ya sauƙaƙa zirga-zirga. Yana da tsafta da araha, kuma akwai tarago guda da aka ware wa mata zalla. Keke mai ƙafa uku kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, domin daga can ake kawo mana shi. A yi ciniki kafin a hau. Su a hagu suke tuƙi, hannun da muka bari tun 1972, don haka mai tsallaka titi ya fara duba damansa.

Masauki da takardu

A kama ɗaki kusa da asibiti, mai ɗan madafi, domin zaman jinya yakan kai makonni bayan sallama. Doka ta wajabta wa duk mai masauki ya sanar da hukuma baƙon da ya sauka wurinsa cikin awa 24 ta takardar da suke kira Form C. Mai gidan da ya ce ba sai an cika ba, a bar masa gidansa, domin za a nemi shaidar idan aka je tsawaita biza. Hukumar rajistar baƙi ta FRRO ce ke tsawaitawa, ta intanet, da wasiƙar asibiti. A nema tun saura makonni, kada a bari ta ƙare ko da kwana ɗaya, domin akwai tara, kuma ana iya hana mutum fita.

Kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, zuwa ko dawowa, komai kusancinku. Za a kuma sha kallo a titi, wani na mamaki, wani na raini. A Maris na 2017 an far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida da ke wajen birnin. A guji musu da taron jama'a da yawon dare, a riƙa yawo da kwafin fasfo da biza.

Ci da sha da ibada

Ruwan gora mai hatimi kawai za a sha, a guji ƙanƙara da yankakkun kayan marmari na bakin titi, domin idan gudawa ta kwantar da mai rakiya, majinyaci ya rasa mataimaki. Kilishi da dambun nama a bar su gida: shigo da nama yana jawo matsala da kwastan, saniya kuma abar girmamawa ce a wurin mabiya addinin Hindu, an ma hana yanka ta a Delhi. Jan naman da ake samu na ɓauna ne ko akuya. A tambaya ko halal ne, domin akwai wani yankan da suke kira jhatka, na sara ɗaya. Ɗigo kore a jikin kwalin abinci yana nufin babu nama a ciki. A kasuwar INA ana samun kayan miyan da 'yan Afirka ke nema. Jamia Nagar da Shaheen Bagh, kusa da Apollo, unguwannin Musulmi ne masu masallatai da mahauta, haka ma Nizamuddin. Kiristoci kuma akwai babbar majami'ar Sacred Heart kusa da Connaught Place.

Kallon fina-finan Indiya zai yi rana a nan: paani ruwa ne, dard ciwo, dawai magani, kitna nawa, namak gishiri, mirchi barkono. Likitoci da yawancin ma'aikatan jinya suna jin Turanci.

Idan sauƙi ya samu, likita ya yarda, a ɗan taka a lambun Lodhi, ko a yi Juma'a a Jama Masjid, wanda Sarki Shah Jahan ya kammala a 1656. Mai son ganin Taj Mahal a Agra ya sani ana rufe shi ran Juma'a.

Kafin a juyo gida

A karɓi takardar sallama mai cikakken bayani, da faifan hotuna, da shaidar cewa majinyaci zai iya hawa jirgi. A roƙi likita ya rubuta asalin sunan kowane magani, ba sunan kamfani kaɗai ba, domin a iya samun irinsa a Abuja ko Kano. Maganin da aka sayo a riƙe shi a kwalinsa tare da takardar likita da rasit, saboda jami'an NDLEA da NAFDAC. Mai sabuwar ƙoda zai sha maganin hana jiki ƙin ta har ƙarshen rayuwarsa, ga gwajin jini a kai a kai, don haka kuɗin wannan ma a sa shi cikin lissafi tun ranar farko. A cikin jirgi a riƙa motsa ƙafa, a sha ruwa, saboda daskarewar jini bayan tiyata. Cikin makon farko da dawowa a koma wurin likitan da ya rubuta takardar tafiya, a damƙa masa duk bayanan, domin shi zai ci gaba da kula da majinyacin.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.